Neman Lamba Goma Sha Shida a Landan

Tun da na dawo daga Ingila, duk lokacin da na zauna a majalisarmu ta ƙofar masallaci sai wani ya ce, "To, Malam Sani, yaya ƙasar take?" Nakan amsa da cewa akwai sanyi, akwai kuma tsari, sa'an nan in yi shiru. Wasu sun ɗauka girman kai ne irin na wanda ya hau jirgin sama. Ba haka ba ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga tafiyar ba irin wanda ake faɗa a kan benci ana ɓarzar gyaɗa ba ne. Don haka na ga ya fi dacewa in rubuta shi daki-daki, ina roƙon wanda ya karanta ya bar shi a tsakaninmu.

Ni ma'aikaci ne a sashen awo da ma'auni. Aikinmu shi ne bin kasuwanni domin mu tabbatar mudu mudu ne, yadi yadi ne, sikeli kuma bai tauye wa kowa ba. Da aka yanke shawarar komawa ga awon mita da kilo, sai aka zaɓe ni kwas na wata uku a Landan. A wannan zamani da kuɗin mai ya yalwata, tura ma'aikaci Ingila bai fi tura shi Kaduna wuya ba.

Yaya Rabi yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha biyu. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu a Fagge, tana sayar da atamfa da yadi daga ɗakinta, da wannan ciniki kuwa ta yi mini hidimar karatu har na gama jami'a. Tun farkon damina ciwo ya kama ta. An je asibiti, an karɓo magani, amma abinci ya ƙi shiga sosai, jikinta yana ta raguwa. A gidanmu babu mai furta kalmar rama. Zane kuwa mai rufin asiri ne: in jiki ya ragu sai a ƙara masa zagaye, ba ya faɗa wa kowa.

Ana saura kwana uku in tashi ta kira ni ɗakinta. Ta ciro wata tsohuwar doguwar riga ɗinkin kanti daga ƙasan akwati, ta juya wuyanta, ta nuna mini ɗan ƙyallen da ke ɗauke da lamba.

"Auta, irin wannan nake so. Mai dogon hannu, koriya in akwai. Lambata goma sha shida. Rubuta, tunda kai ba ka yarda da abin da ba a rubuta ba."

Na rubuta. Ta ce in biya ta Sabon Gari in yi wa Madam Uzo sallama.

Madam Uzo tela ce, ƙawar Yaya tun suna 'yan mata. A Sabon Gari aka haife ta. Ta tafi Gabas lokacin yaƙin basasa, da ta dawo ta tarar da keken ɗinkinta a ƙarƙashin gadon Yaya, an shafe shi da mai, an lulluɓe shi. Na same ta a shagonta tana taka keken.

"Malam Digiri, an ce za ka hau sama."

"In Allah ya yarda, Madam."

"Rabi ta ba ka saƙo?"

"Ta ce goma sha shida."

Ta tsayar da keken. Ta ce in tura ƙofa. Ta ɗauko riguna biyu na Yaya, ɗaya ta bara, ɗaya ta watan jiya, ta shimfiɗa ta biyun a kan ta farkon. Ta baran ta leƙo ta kowane gefe da faɗin tafin hannu.

"Wata shida ke nan ina rage mata riguna ba ta ce ba, ban ce ba. In ta aiko a gyara hannu, sai in ci gefe. Yanzu abin da ke sa ta haɗiye loma shi ne tana ganin tana nan yadda take. In ka kawo mata riga ta sa, ta ga tana yawo a ciki kamar muciya a tukunya, ranar za ta ajiye cokali. Ka ji ni?"

"To in sayo ƙarama."

"Ta ga lamba goma a wuya? Ai gara ka mare ta."

"Sai ki cire ƙyallen ki ɗinka wani."

"Rabi? Wadda ke gane ɗinkina tun daga bakin ƙofa? Kai dai ka nemo riga mai wannan faɗin, wadda masu ita suka rubuta wa goma sha shida da hannunsu."

Ta yanko farin zare mai kauri, ta gwada shi a kan rigar watan jiya, ta yi masa ƙulli uku: ɗaya na faɗin kafaɗa, ɗaya na ƙirji, ɗaya na ƙugu. Na ce mata cikin ladabi wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin lamba ba ta da girma biyu. Ta yi dariya har da tari.

"Kai namiji ne. Je ka gani."

Ranar tafiya da safe ina shirya akwati Inna, mahaifiyarmu, ta ga zaren a kan tabarma. Ta miƙa hannu, da ta ga ƙulle-ƙullen sai ta janye shi.

"Mene ne wannan?"

"Awon rigar Yaya ne, Inna, don kada in yi kuskure."

"Ba a ɗaukar awon mai rai a yi tafiya da shi."

Kun san al'adarmu: in mutum ya cika, kara ake gwadawa a jikinsa a kai wa masu haƙa. Na ce mata riga aka auna, ba mutum ba. Ta ce ko ma mece ce, in fitar mata da shi daga ɗakin. Na naɗe shi na sa a aljihun gaba.

Daga Fagge zuwa filin jirgin sama tafiya ce gajera, amma motar hayar ta mutu sau biyu, har sai da na taimaka da turi cikin sabuwar kwat. A jirgi na zauna kusa da wani Alhaji ɗan kwangila, wanda ya ce wannan zuwansa na bakwai ne. Da aka kawo abinci a 'yan farantai ya leƙa nasa, ya ce, "Malam, abin da ba ka san sunansa ba kada ka san ɗanɗanonsa." Muka ci burodi da kilishin da na taho da shi. Da ya ji an yi mini saƙon rigar mata sai ya girgiza kai.

"Allah ya ba ka haƙuri. Na taɓa sayo wa 'yata riga uku, duk lamba ɗaya. Ɗaya ta shige ta, ɗaya ta shigi uwarta, ɗaya kuwa har yau ba a haifi mai ita ba."

Na yi murmushi don girmamawa, a raina kuwa na ce bai duba da kyau ba ne.

Mun sauka da hantsi, amma hasken bai fi na asuba ba. Jami'in da ya duba fasfo bai ɗago kai ba sai sau ɗaya. Na kwastan ya buɗe akwatina, ya shinshina yaji ya yi atishawa ya mayar, ya ɗauke sauran kilishin ya jefa a wani kwando, ya ce ba a shiga da nama. Sa'an nan ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Ya ɗaga zaren.

"Wannan fa?"

"Awon riga ne. Na 'yar'uwata."

Ya kama bakin zaren da hannu ɗaya, ya kama ƙullin ƙugu da ɗayan, ya miƙar da shi a tsakaninmu. Ban taɓa ganinsa a miƙe a sarari ba sai a lokacin. Tazarar hannuwansa biyu ba ta kai taƙi biyu ba.

"Shekarunta nawa? Goma?"

"Ta kusa arba'in."

Ya dube ni, ya dubi zaren. Ya naɗe shi a hankali fiye da yadda na naɗe shi, ya sa mini a tafin hannu, ya kira na bayana.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa da ke ba ɗalibai hayar ɗaki. Ita kaɗai ce a gida mai hawa biyu, ba jika, ba ɗan'uwa, ba maƙwabcin da ke leƙowa. Ranar da na shiga na ga kamar mutum tsaye a duhun bayan ƙofa, na yi masa gaisuwa. Ashe kwat ce da hula a rataye. Ta ce na mijinta ne, ya rasu shekara tara da suka wuce. Kowace safiya takan kakkaɓe kwat ɗin da buroshi, ta gyara zaman hular. Mu a nan kayan mamaci wanke su ake yi a raba, wani ya sa, a yi masa addu'a. Can kuwa kaya na iya ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa bayan mai su ya tafi. Har na bar gidan ban saba wuce ta ba tare da na ɗan kauce ba.

Abincin tsohuwar dafaffen dankali ne da kabeji da kifi, babu mai, babu yaji, gishiri ma sai ka nema. Da ta ga ina barbaɗa jan garin yaji ta ce in ɗanɗana mata. Ta sha ruwa kofi uku, ta ce yanzu ta gane dalilin da ba na jin daɗin ƙasarsu. Rana kuwa tana faɗuwa tun ba a tashi daga aji ba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Kullum nakan shiga jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, inda mutane ke zama sahu biyu suna fuskantar juna, babu mai cewa uffan. Satin farko na ɗauka wani babban mutum ne ya rasu.

Asabar ta farko na fita sayayya, na fara da kaina. A kantin maza mai sayarwa ya zagaya tef a wuyana, ya ce inci goma sha biyar, ya ba ni taguwa mai wannan lamba. Don gwaji na shiga kanti na biyu da na uku, na auna wuyan taguwarsu da 'yar rular da ba na rabuwa da ita. Goma sha biyar ce a ko'ina. Wando ma haka, lambarsa ita ce faɗin ƙugunsa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ga ƙasar da ta san darajar ma'auni.

Sai na hau bene zuwa sashen mata.

Abin da ya fara tarbata shi ne mutum-mutumi da suke tsayarwa sanye da riguna. Wasu ba su da kai. Waɗanda ke da kai kuwa idanunsu babu ƙwaya, amma duk inda ka tsaya sai ka ga kamar kai suke fuskanta. Na nemi goma sha shida, wata budurwa ta kawo mini. Na shimfiɗa rigar, na ɗora zaren. Ta fi shi da tafin hannu da yatsa biyu. Na rubuta. A kanti na gaba goma sha shidarsu ta fi ta farko da yatsa uku. A na uku kafaɗa ta ragu, ƙugu ya ƙaru. A cikin kanti guda ma na sami riguna biyu a jere, lamba ɗaya, faɗi daban. Na tambayi budurwar, goma sha shida ɗin mene ne? Inci ne, ko me? Ta ce ba komai ba ne, lamba ce kawai, mace takan shiga ta gwada.

Ranar Litinin na kai wa malaminmu ƙara, da alƙaluman da na tattara. Mutum ne da ke iya gaya maka nauyin ƙwayar gero. Ya duba takardata ya yi dariya, ya ce an sha ƙoƙarin daidaita abin, amma kowane maɗinki da nasa ma'aunin. Na ce da a kasuwar Sabon Gari ne wani ya sayar da yadi mai tsawo biyu, da mun ƙwace sandarsa. Ya ce ai ba wanda ya yi alkawarin cewa lambar awo ce. Ya ƙara da cewa matarsa tana da lamba uku, kuma ya koyi kada ya tambayi wacce ce ta gaskiya.

A daidai nan na lura da halin da na shiga. Ni da ake biya domin in kama ma'aunin ƙarya, ga ni ina yawo a birnin mutane ina addu'ar Allah ya haɗa ni da wanda ya fi kowa kaucewa.

Haka na yi ta bin kantuna Asabar bayan Asabar. A na bakwai mai sayarwar ta gaji da zarena, ta ce, "Ka kwatanta mini ita. Kamar ni take? Ko kamar waccan matar?" Na duba su, na ce a'a. Cikin wasa ta nuna wani mutum-mutumi marar kai da ke tsaye a lungu. "Ko kamar wannan?"

Na matsa na ɗora zaren a kafaɗunsa. Ƙullin ya faɗa daidai kan gaɓar. Na gwada ƙugu, shi ma haka. Abin sanyi ne ƙalau a ƙarƙashin yatsuna. Budurwar ta daina murmushi. Ta ce wannan lamba goma yake sanye da ita, ita ma ta yi masa yawa. Ta juya shi, na ga an tattare bayan rigar an soke da fil tun daga wuya har ƙugu, don mai kallo daga gaba ya ga ta zauna daidai. Na yi mata godiya na sauko. A kan matakala na zauna, mutane suna ratsa ni ba wanda ya ce sannu.

Wasiƙu biyu na samu daga gida a tsawon zamana. Dukansu sun ce kowa lafiya, Yaya tana gaishe ni, tana tambayar rigarta.

Saura kwana goma in dawo, na shiga kanti goma ban dace ba. Wata safiya a wurin karin kumallo tsohuwa mai gidan ta ga ina juya zaren, ta tambaya, na gaya mata komai. Ta tashi ta ɗauko hoton ranar aurenta. Siririyar yarinya ce a ciki.

"Goma sha shida nake sawa a nan," in ji ta. "Yanzu dube ni, na yi biyunta, amma a kanti sai su ce ni goma sha huɗu ce. Lambobin zamanin da ƙanana ne. Kowace shekara suna ƙara wa rigar faɗi su bar lambar, don mu ji daɗi mu saya."

Ta rubuta mini kwatancen wani shago na ƙawarta, wadda ta ce tana da kayan da ba su fita ba tun shekaru ashirin.

Shagon yana ƙarshen wani siririn layi da rana ba ta shiga. Da na tura ƙofa wata ƙararrawa ta kaɗa, ta daɗe ba ta yi shiru ba. Ciki rigunan suna rataye sahu-sahu, kowace an lulluɓe ta da farar takarda daga kafaɗa zuwa ƙasa, iskar da na shigo da ita ta sa suka ɗan motsa gaba ɗaya. Wurin yana warin maganin asu. Na yi tsaye har wata tsohuwa ta fito daga tsakaninsu, da tef rataye a wuyanta. Ban yi dogon bayani ba. Na ba ta zaren, na faɗi lambar. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma ce lambar ba ta dace da zaren ba. Ta shige cikin sahun, na ji takardu suna ƙara, ta dawo da riguna biyu, dukansu koraye, masu dogon hannu, na maɗinka biyu daban. Ta juya wuyan kowace. Goma sha shida. Goma sha shida.

Ta ɗora zaren a kan ta farko. Ƙulli uku, duk suka faɗa daidai. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ta dafe rigar. Ta ɗora zaren a kan ta biyu. Wannan ta gaza shi da yatsa biyu a ko'ina.

"Yaushe aka ƙulla zaren nan?"

"Wata biyu da rabi ke nan."

"Tana samun sauƙi?"

Na tuna wasiƙun da suka ce kowa lafiya, na mayar da idona kan riga ta biyun.

"Ɗauki duka biyun," in ji ta.

Na ce ba zai yiwu ba. Tun ina makarantar kwana Yaya ce ke buɗe akwatina in na dawo, ba ta bari kowa ya riga ta. Riguna biyu masu lamba ɗaya da faɗi biyu a hannunta, ai na tona abin da na zo rufewa.

"To sai ka zaɓa."

Ta koma gefe ta harɗe hannu. In na ɗauki ta farko, na ce Yaya tana nan yadda na bar ta. In kuwa ba haka ba ne, rigar za ta yi mata yawa a gaban kowa. In na ɗauki ta biyu, na yanke hukunci da hannuna cewa ta ci gaba da tafiya. Na tuna yadda awarwaronta ya zame har gwiwar hannu ranar da ta nuna mini lambar. Na tuna rigar bara da ta watan jiya, na yi lissafin abin da wata shida suka ci, na raba shi biyu. Wannan ne aikin da aka koya mini, ban kuma taɓa ƙin sa ba sai ranar. Na nuna ta biyu.

Tsohuwar ta naɗe ta ba tare da ta dube ni ba. Na bar zaren a kan teburinta, ban koma ɗauka ba.

A jirgin dawowa ban ci komai ba. Da aka buɗe ƙofa a Kano zafi ya buge ni a fuska, na ji ana ta gaisawa da ƙarfi ta ko'ina, har ma'aikacin kwastan sai da ya tambayi lafiyar mutanen Ingila kafin ya buɗe akwati. Na isa Fagge bayan azahar. Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, an jingina ta da matashi, ta yafa mayafi har wuya. Ba ta tashi ba. Da can takan tashi.

"Auta, ka yi fari ko kuwa yunwa ce? Kawo akwatin nan."

Ta buɗe, ta ture taguwoyina gefe, ta ciro ƙunshin. Ta riƙe shi a hannu biyu ɗan lokaci kafin ta warware. Ta juya wuyan rigar ta karanta lambar da ƙarfi don Inna ta ji. Aka aika Sabon Gari, Madam Uzo ta zo da tef ɗinta a jaka, suka shiga ɗaki su biyu aka saki labule.

Ni da Inna muka zauna a tsakar gida. Sun daɗe.

Da labulen ya ɗaga, Yaya ta fito tana dafe da kafaɗar Madam. Rigar ta zauna mata kamar a jikinta aka yanka ta. Kafaɗa daidai, ƙirji daidai, ƙugu daidai, babu inda ta tattare, babu inda ta ja.

Inna ta tashi tana tafa hannu. "Alhamdu lillahi. Kun gani ko? Ina ta faɗa muku yarinyar nan tana nan yadda take, ciwon ne kawai ya sa ta kasala. Ga lamba ta faɗa." Ta yi ta zagaya ta tana shafa hannun rigar. Ban ga Inna ta yi dariya haka ba tun farkon damina.

Madam Uzo ta durƙusa kamar tana gyara ƙasan rigar. Ta gwada gefenta da yatsu, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai. Ta san awon da ta ba ni.

Yaya ta ce yunwa take ji. Inna ta ruga madafa, aka kawo tuwo da miyar kuɓewa, ta ci rabin malmala muna kallo. Da Madam ta tafi, Inna ta koma wajen tukunya, sai Yaya ta yafito ni da hannu. Na matso na durƙusa kusa da ita.

"Kanti nawa ka shiga?"

"Goma sha ɗaya, Yaya."

"Sannu." Ta shafa yadin a kan gwiwarta. "Shekara ashirin ina kama yadi, Auta. Tun kafin in warware ta na ji nauyinta a hannuna. Wannan ƙanƙantar, Uzo ce ta ba ka ita?"

Ta jira.

"Awon Madam ya fi wannan da yatsa biyu," na ce. "Ni na rage."

Ta daɗe tana dubana. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai kamar yadda take yi in mai saye ya faɗi farashin gaskiya.

"Ashe kai ne ka fi kowa dubana a gidan nan. Kada ka gaya wa Inna. Ka ga yadda take."

Daga madafa Inna ta ɗaga murya tana tambaya ko a ƙaro mata miya. Yaya ta gyara zaman wuyan rigar, ta tattara ƙarfinta.

"Ƙaro, Inna," ta ce. "Har da tuwon."